Tagarmu ta Hagu

Port Ancel, Ontario
12 ga Afrilu, 1987

Zuwa ga Kakana abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan takardar nan za ta same ka cikin sauƙi. Yaya ƙugun naka, ya fara barinka ka taka ƙasa? Ina fatan Gwaggo Lucille da maigidanta suna lafiya, kuma ba ka dame su da mita a kan abincin Sudbury ba. Ni da Mama muna nan ƙalau. Baba ya aiko da kati daga jirgin dakon da yake aiki, ya ce sai watan Yuli zai sauka.

Kaka, ƙanƙarar kogi ta fashe. Muna cikin aji muka ji ƙararta, kuma tun daga ranar ba a wata hira a gari sai ta Ranar Wankin Taga. An sa Asabar ta biyu a watan Mayu. Dalilin da ya sa na zauna rubuta maka ke nan.

Na tambayi Mama wa zai wanke tagarmu ta Gidan Tallack bana, tun da ba ka nan. Ta ajiye wuƙar burodi ta dube ni ta ce, "Solange, gilashi ne fa, ba kabarin kakanninku ba. Ranar ce gidan burodin da nake aiki ya fi cika, ba mai sakina. Ke kuwa ko kujera kika hau sai kin dafa bango. A bar wa masu jiran a ba su taga kawai."

Ka san halina. Sai da na kama hanyar makaranta na yi ta jera amsar a raina. Na so in ce mata Ambrose Tallack bai gina gidan nan da gumin kansa ba. Ƙanƙarar kogin nan ya riƙa sayarwa manyan birane, mahaifinka Télesphore da 'yan'uwansa ne suke yanka ta da zarto cikin sanyin da ke daskarar da gemu. Da kuɗin ya ɗora wa tsibirin gida irin na sarakunan Turai na da, har da hasumiya, har da ganuwa mai ramukan harba kibiya, alhali ba wanda ya taɓa kawo masa yaƙi. Wannan wurin kullum yana ba ka dariya. Sai ka ce firij ne ya zo ya ci shi da yaƙin, ya bar garin da akwati ɗaya.

Na so in tuna mata yadda gidan ya zauna kango, yara suka farfashe tagogi, tattabaru suka mamaye ɗakin rawa, har hukumar gari ta yanke a rushe shi a sayar da duwatsun. Masu yankan ƙanƙara suka ce ba za a rushe abin da sanyin jikinsu ya gina ba. Kowane gida ya ɗauki taga ɗaya ya sa mata gilashi, ya yi alkawarin wanke ta duk shekara. Yau mutane daga ko'ina suke zuwa kallo, amma ba a rubuta sunan kowa a jikin taga ba, kowa ya san tasa.

Ka'idar ba ta canza ba: da safiyar ranar za a wanke, ba a ɗaukar ɗan haya, kuma duk tagar da ba ta fita ba har jirgin 'yan yawon buɗe ido na farko ya ɗaure igiya, ta bar hannun gidan. Na ji an ce wani likitan haƙori daga Ottawa, mai gidan hutu a bakin ruwa, shi ne na gaba a masu jira.

Tun ina ƙarama kake tsayar da kwalekwale a tsakiyar kogi ka nuna mini tagogi biyun nan na ƙolin hasumiya, ka ce, "Ta hagu, tamu ce. Ta dama ta waccan tsohuwar mai faɗa ce." Ban taɓa hawa can ba, kai ma ba ka taɓa tilasta mini ba. Bana zan hau. Ban faɗa wa Mama ba tukuna. Ka rubuto mini yadda kake haɗa ruwan wankin.

Ka gaida mini da Gwaggo. Allah ya ƙara sauƙi.

Jikarka,
Solange Berthiaume


Port Ancel
28 ga Afrilu

Kakana,

Ina gaishe ka da kyau. Na yi murna da jin ka fara zagaya tsakar gida da sanda. Yaya barci, ciwon yana barinka?

Takardarka ta iso. Na gane: ruwan ɗumi da ruwan khal mai tsamin nan, a goge da tsohuwar jarida, ban da shafin da yake da launi. Inda ka ce in ban iya ba ba za ka ji haushi ba, na karanta, amma na lura alƙalamin ya huda takardar a wurin.

Na fara gwaji. Bayan an tashi makaranta nakan hau benen coci inda 'yan waƙa suke tsayawa, in leƙa ƙasa har sai jiri ya sake ni. Bai sake ni gaba ɗaya ba, amma ya ragu. Na faɗa wa Mama. Ta ce in ɗaure gashina kada ya shiga bokiti. Washegari na ga ta tara mini jaridu a bayan ƙofa.

Ranar Lahadi na haɗu da abokiyar faɗanka, Madam Kilbride mai tagar dama. Ta tsaya a tsakiyar matakalar coci tana riƙe da ƙarfen gefe, wai igiyar takalminta take dubawa. Takalmin ba shi da igiya, Kaka. Da ta gan ni ta ce, "Ke ce jikar tsohon agwagwan nan? An ce ya tafi an sa masa sabon ƙugu. Da sun haɗa da sabon baki." Na sunkuyar da kai na ce mata ni zan wanke tamu bana. Ta ƙare mini kallo ta ce, "To. Kada ki fantsama mini ruwan datti a tawa, kamar yadda yake yi shekara da shekaru."

Na so in tambaye ta wa zai taya ta. 'Yarta tana Vancouver, surukinta Desmond kuwa shi ke tuƙa jirgin baƙin a ranar. Amma na ji nauyi.

Ka ci gaba da tafiya kaɗan-kaɗan, kada ka yi gaggawa. Mama tana gaishe ka.

Taka,
Solange


Port Ancel
10 ga Mayu

Kakana abin alfaharina,

Gaisuwa da fatan kana samun ƙarfi, da kai da mutanen gidan duka. Na san tun jiya kake jiran wannan, don haka ba zan ja maka rai ba: tagarmu tana hannunmu. Amma ka zauna sosai kafin ka karanta sauran, kuma ka yi hankali da ƙugun idan dariya ta kama ka.

Ni kaɗai na tuƙa kwalekwalenka zuwa tsibiri. Kogin ya cika da kwalekwalen 'yan gari, kowa da bokitinsa da tsaninsa, ana ta tsokanar juna daga nesa. Na shiga ta ƙofar kicin, na ratsa ɗakin rawa, na kama matakalar hasumiya. Ba ka taɓa gaya mini tana da ƙunci haka ba, tana ta murɗewa kamar dodon koɗi. Bango kawai na riƙa kallo. Rabin ruwana ya ƙare a takalmina.

Da na isa sama na tarar da tagogin biyu a gabana, ba kowa. Na ce a raina, ta hagu tamu ce. Na buɗe ta ciki kamar yadda ka koya mini, na wanke fuska biyun, na cire kashin tsuntsaye da farcena, na goge da jarida har tana ƙara. Sau ɗaya na kalli ƙasa, ban ƙara ba. Na sauko ina jin kamar na ƙara tsawo.

A matsayar jirgi mutane sun taru, Mista Oakes shugaban kwamiti yana zagayawa yana ɗaga kai yana duba tagogi. Na je can ƙarshen katakon matsayar, wajen ruwa, na juyo don in ga tagarmu yadda kake nuna mini. Kaka, ta hagu tana nan dishi-dishi da dattin shekara guda. Ta dama ce ke walƙiya.

Daga kogi kuke lissafi, ku da kuka tashi a kan ruwa. Ni kuwa daga ciki na tsaya ina fuskantar waje, hagu ya koma dama. Tagar Madam Kilbride na wanke.

Tana zaune a kan benci kusa da ni, bokitinta a gefen ƙafarta. Ta kalli sama, ta kalle ni, sai ta fashe da dariya har tana tari. Ta ce, "Jinin agwagwa ba ya ɓuya. Shekara nawa ina cewa gidanku ba ku san hagunku da damanku ba?" Mutane suka fara juyowa. Daidai nan jirgin Desmond ya yi oda daga bayan duwatsu, ga shi ya nufo mu cike da baƙi. Hawaye suka cika mini ido. Na ga likitan haƙorin tsaye da farar hularsa, shi ma yana kallon hasumiya.

Sai ta daina dariya. Ta ɗan jawo hannun rigata ta ce a hankali, "Me kike tsaye yi? Kuka zai wanke ta? Ruga."

Na ruga. Na ɗebi ruwa a kicin, na hau matakalar da gudu, ban ma tuna da tsoro ba sai da na kai sama. Ina buɗe tagar tamu, ta gaskiyar, na hango Madam Kilbride. Ta taka har ƙarshen katako, ta ɗaura jan ɗankwalinta a kan sandarta, tana juya ta sama da kanta. Muryarta har hasumiya: "Desmond, zagaya da su tsibirin! Ka ɗaure igiyar nan yanzu, kada ka ƙara zuwa cin abinci gidana!"

Jirgin ya karkata ya bi bayan tsibiri. Daga baya aka ce mini Desmond ya sanar wa baƙin cewa kyauta ce ta ranar buɗewa, har suka tafa masa. Mista Oakes kuwa ya juya baya, ya duƙufa yana duba wata taga ta ƙasa wadda ya riga ya duba. Da wani ya yi masa magana sai ya ce shi dai ka'ida ta ce igiya, kuma bai ga igiya ba.

Ina goge kusurwar ƙarshe jirgin ya sake ɓullowa. Na miƙa hannu waje na kaɗa jaridar, 'yan gari suka ɗauki tafi daga ƙasa. A nan ne na tsaya na kalla da gaske: kogin duka, rufin gidanmu, wurin da kake tsayar da kwalekwale. Na yi tunanin Télesphore yana ɗauke da gilashin nan a bayansa yana hawa matakalar da na hau. Ban ji jiri ba.

Da na sauko, Madam Kilbride tana gaya wa duk mai saurare cewa ita tana shirin hawa ke nan, yarinyar Berthiaume ta yi mata shisshigi ta ƙwace mata aiki. Ta ce in faɗa maka tun da na ɓata mata tsari, baɗi ma sai in yi duka biyun, ita za ta zauna a ƙasa ta ga ko na iya. Ta ce kuma ka warke da wuri, don faɗa da ni ba daɗi, ba na ramawa. Mama ta ji labari tun kafin in isa gida. Ta ajiye mini burodi mai kirfa, irin wanda ba ta kawowa sai ranar haihuwata.

Saura abu ɗaya, kuma kai kaɗai zan faɗa wa. Lokacin da ta jawo hannun rigata, na kalli cikin bokitinta. Babu ruwa ko ɗigo, tsummanta a bushe yake, a ninke. Ta san ba za ta iya hawa ba. Ta zo ne kawai ta zauna ta ga yadda za a karɓe tagar mahaifinta.

Ka tsokane ta da duk abin da ka ga dama idan ka dawo, Kaka, ban da wannan.

Ka gaida Gwaggo Lucille da maigidanta. Kwalekwalenka yana nan a ɗaure yana jiranka, in ka zo ni zan tuƙa, kai ka zauna ka kalli sama.

Jikarka mai ƙaunarka,
Solange