Sunan Mahaifiyata Ya Zama Abin Zagi a Ajin Turanci

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin makarantar 'yan matan da 'yata take karatu a cikinta, a garin Gaya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ranka ya daɗe, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk waɗanda Allah ya ɗora maka nauyinsu. Ban ambaci sunan makarantar ba saboda akwai 'ya'yan mutane a cikinta, ba na so ƙurar ta shafe su. Kai dai ka san wadda nake nufi. Ni manomi ne daga wani ƙauye a ƙasar Ajingi, gero da gyaɗa nake nomawa. Ban taɓa rubuta wa babban mutum takarda a bainar jama'a ba. Sai da na ƙwanƙwasa duk ƙofar da na sani, ba wadda aka buɗe mini, sannan na ɗauki alƙalami.

Na ɗaya. 'Yata tana ajin ƙarshe na sakandare, tana zaune a wurin goggonta a nan Gaya saboda ƙauyenmu babu makarantar gaba da firamare. Sunan mahaifiyata na sa mata, domin an haife ta ba a jima da rasuwar tsohuwar ba. Shi ya sa a gidanmu ba mai kiran wannan suna, Ummi muke ce mata. Ni kaina tun da na yi wayo bakina bai taɓa furta shi ba. Yau dole ta sa zan rubuta shi, Allah ya yafe mini: Rabi.

Na biyu. A farkon wannan shekarar karatu aka kawo musu sabon malamin Turanci, matashi. Wata rana ya yi wa yarinyar tambaya, ta ruɗe, ta ba shi amsa da Hausa. Aji ya yi dariya, shi ma ya yi. To, daga ranar duk jimlar da zai rubuta a allo don misali, in dai abin kunya ne, da sunanta zai rubuta. Ita ce malalaciya, ita ce ƙazamar da ba ta wanka, ita ce ta faɗi jarrabawa, ita ce ta saci akuyar maƙwabta. In misalin na kirki ne, sai ya nemo wani suna na 'yan birni. Yara kuwa suna kwafewa a littattafansu, suna maimaitawa da ƙarfi kamar karatun allo. A ajin nan kaf ita kaɗai ce mai wannan suna, kuma a layin gaba take zama saboda idonta ba ya hangen nesa.

Na uku. Ban san ana wannan ba, don yarinyar ba ta da yawan magana. Ranar wata kasuwar Gaya na shigo sayar da gyaɗa, na ɗauke ta don in yanka mata yadin hijabi. Muna tsaye a rumfar mai yadi sai wasu 'yan mata biyu suka zo wucewa, ɗaya ta yi tuntuɓe, robar zoɓonta ta kife. Sai ɗayar ta kwashe da dariya ta ce, "Don't be a Rabi!" Turancina na firamare ne, amma na gane cewa take kada ƙawarta ta zama irin mai wannan suna. Waɗannan yara ba 'yan ajinsu ba ne, ba su ma san ta ba. Na waiwaya, sai na ga Ummi ta ja hijabi ta rufe fuska. Na ce, "Ummi, lafiya?" Ta ce, "Baba, mu tafi gida, na fasa yadin." Goggonta ce ta warware mini komai da yammacin ranar. Ta ce abin ya daɗe da fita daga aji, ya shiga unguwa, ya shiga wayoyin yara. Duk wadda ta yi wauta, ko ta ƙona tuwo, ko ta yi kwalliyar ƙauye, da wannan suna ake jifanta.

Na huɗu. Washegari na je makarantar. Shugabar ta karɓe ni da mutunci, ba zan yi mata ƙarya ba, ta kuma sa aka kira malamin. Ko zama bai yi ba. Ya ce, "Haba Baba, ai suna ne gama-gari, misali kawai nake yi da shi. Turawa ma suna da wani sunan mace da suke laƙaba wa duk matar da ta cika fitina, ba wanda ya kai ƙara." Ranka ya daɗe, ni ban san ƙasar Turawa ba. Amma na tabbata can ma akwai wata baiwar Allah mai wannan suna da ba ta yi wa kowa komai ba, tana can tana haɗiye baƙin ciki. Kuma in don gama-gari ne, me ya hana shi yin misali da sunan tasa uwar? Ban faɗa masa haka ba a ranar, saboda ina ganin girman wurin. Shugabar ta ce in tafi, za ta gyara.

Na biyar. Gyaran da aka yi ya fi ɓarnar ciwo. Malamin ya daina rubuta sunan. Sai dai ya rubuta jimla ya ja layi a gurbinsa, ya juyo ya kalli aji yana murmushi, su kuma su cike masa da baki ɗaya. In an yi magana ya ce shi bai ambaci kowa ba. Na koma makarantar, aka ce shugaba tana taro. Na sake komawa, mai gadi ya ce an hana iyaye shiga lokacin darasi. Na je gidanka, aka ce ka yi tafiya, na bar sallahu, har yau shiru.

Na shida, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Ran wata Laraba da hantsi ina gona aka aiko mini cewa Ummi ta dawo. Ita kaɗai ta hau adaidaita sahu da akwatinta, ba ta ko yi wa goggonta sallama ba. Tun daga nan tana ɗakin uwarta. Abinci sai an yi da gaske take taɓawa. Yarinyar da take cewa ita za ta zama ma'aikaciyar jinya don matan ƙauyenmu su daina jin kunyar zuwa asibiti, yanzu in ta ga littafi sai ta kau da kai. Jarrabawar fita kuwa tana ta matsowa. Waɗanda suka so hana ni kai ta makaranta tun farko sun sami abin faɗa a majalisa. Maƙwabcina da ya yi niyyar tura 'ya'yansa mata biyu Gaya baɗi ya ce bari ya ga yadda tawa za ta ƙare tukuna.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙonka don Allah, don Annabi:

A hana wannan misali kwata-kwata, da sunan da layin da ake ja a gurbinsa. Akwai wasu masu sunan a ƙananan azuzuwa, su ma 'ya'yan wasu ne.

Malamin ya tsaya a gaban taron ɗalibai da safe ya ce abin da ya yi kuskure ne. A gabansu ya kunna wutar, a gabansu ya kamata ya kashe ta. Ba na neman a kore shi, shi ma abinci yake nema, wataƙila ƙuruciya ce.

A turo malama ɗaya mace ta zo har ƙauyenmu ta lallashi yarinyar ta koma da ita. Ni na yi, uwarta ta yi, limaminmu ya yi, ba ta motsa ba. Inda aka kunyata ta, daga can take jiran a kira ta. Kuma a yi wannan kafin lokacin jarrabawa ya ƙure.

Shekaranjiya da safe ina ɗaura wa shanu igiya ta fito ta durƙusa a gefena. Na ɗauka gaisuwa ce. Sai ta ce, "Baba, an ce ana zuwa kotu a canja suna. In na canja, za ka yafe mini?" Na juya mata baya don kada ta ga idona. Har yanzu ban ba ta amsa ba, ranka ya daɗe, amsarka nake jira.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon riƙe amanar 'ya'yan talakawa, ya raba zuri'arka da abin da zai sa su sunkuyar da kai in an kira sunansu.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Sale, mahaifin Ummi,
daga ƙasar Ajingi.