Garejin da Ka Hana Ni

Assalamu alaikum, Yaya Sule. Ina gaishe ka a inda kake kwance, gaisuwar ƙani ga wansa.

Daga cikin garejin gidanmu na Shango nake rubuto maka. E, shi ɗin dai.

Ka tuna shekarar da na gama koyon kafinta, na shiga na auna shi da ƙafata? Taku tara a tsawo, biyar a faɗi. Na nuna maka inda teburin aiki zai zauna, da bangon da zan rataye zarto, da inda za a fasa taga saboda ƙurar katako. Ka bari na gama tsaf, sannan ka ce, "Gareji na mota ne."

Wace mota, Yaya? Tsohuwar motar Baba da ba ta da inji, tana zaune kan bulo, kaji na ƙwai a kujerar baya. Kai dai a ce gidanku akwai mota.

Shekara goma sha ɗaya ina aiki a gindin mangwaro. Ranar da ruwa ya daki gadon amarya da mutanen Gwada suka ba ni in haɗa, katakon ya banƙare, suka kwashe aikinsu suna zagina, kana tsaye a baranda da kofin shayi. Ka ce, "Sai ka sayi tamfol." Na tsane ka a ranar, ban kuma daina da wuri ba.

Da ka rasu aka rasa inda masu gaisuwa za su zauna. Mutum huɗu suka sauke motar daga bulo, suka tura ta waje kafin a gama ɗinka likkafani. Ashe ba ta da nauyi.

Aikina na farko a nan shi ne katakon da aka jera a kabarinka. Na auna sau biyu, na yanka daidai. Sai da na zo share ƙurar na kasa riƙe tsintsiya.

Motar tana gindin mangwaro yanzu, daidai inda nake aiki a da. Na yi niyyar barin ruwa ya ci ta. Amma idan hadari ya haɗo, sai in ga na fita na rufe ta da tamfol ɗin da ka ce in saya.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka kabarinka fiye da yadda ka yalwata mini.

Ƙaninka,
Bala