Motar da Shanun Kawu Suka Jawo

Assalamu alaikum 'yan wannan zaure. Admin a taimaka a ɓoye sunana, ko da yake duk ɗan Kebbe da ya karanta zai gane ni tun kafin ya kai tsakiya. Ba komai, kunyar da na sha ta riga ta wuce nan. Don Allah ku ba ni shawara, ku kuma yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya cika min ciki.

Ni ɗan Tambuwal ne, amma a Kebbe na tashi, a hannun yayan mahaifiyata, bayan rasuwar babanmu. Kawu manomi ne, ba shi da wani abin tinƙaho a duniya sai bijimansa biyu na huɗa, da su yake noma gonarsa, da su yake yi wa mutane aiki ya samu na cefane. Ni kuma yanzu ina birni, ina aiki da wani ƙaramin kamfani da matasa suka kafa, muna harhaɗa ƙananan motocin shiga masu aiki da batir, da burin mai ƙaramin ƙarfi ma ya iya saye. A ɓangaren talla nake, ko sifana ban iya riƙewa da kyau ba, amma a gida kowa ya ɗauka ni nake ƙera motar da hannuna. Ban taɓa gyara musu zancen ba, saboda daɗi yake min, gaskiyar ke nan.

Da aka yi wa ɗan Kawu haihuwa sai na roƙi oganmu ya ba ni motar gwaji in je suna da ita, na ce masa talla ce kyauta. Ya yarda, amma ya ja min kunne a kan caji. Na cika batir a Tambuwal, na yi lissafina tsaf, zai kai ni Kebbe ya dawo da ni har da saura. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne kara irin ta mutanenmu. Ina isa aka yi wa motar caa. Liman ya ce a ɗan zagaya da shi ya sa albarka, wa zai ce wa liman a'a? Daga shi sai dattawan unguwa, sai gwaggonni, wata ma ta ce tunda ga mota a kai ta dubiya wajen Fakku. Kowa ya shiga sai ya ce a kunna esi ya sha sanyi, kowa da wayarsa a hannu zai jona. Ina kallon caji yana sauka, ina washe baki, amma girman kai ya hana ni cewa ya isa haka.

Bayan la'asar Kawu ya ce mu mayar da wasu surukansa ƙauyensu. A hanyar dawowa, cikin yashi, ba nisa da gari, motar ta tsaya. Dama ba ta ƙara, don haka ko da ta mutu ba wanda ya sani sai ni, Kawu ya zaci tsayawa na yi don wani uzuri. Masu wucewa suka taru, wani ya ce a tura ta tashi, na ce ba a tura irinta, wani ya ce a kawo mai a galan, na ce ba ta shan mai. Kawu ya taka da ƙafa har gida, ya koro bijimansa, ya ɗaura igiya da hannunsa. Haka muka shiga gari, shanu a gaba, ni a kan sitiyari da babbar rigata ta suna, na rasa inda zan sa fuskata.

Hanyar gida kuma dole sai ta gaban majalisar dattawa ta bakin kasuwa. Wani tsoho abokin wasan Kawu ya miƙe ya ce, "Ashe gaskiya ta, ba ta shan mai, harawa taka ci!" Wuri ya kwashe da dariya. Kawu ya tsayar da shanun, ya ce, "Wallahi ni nika fara sayen motar ga, ko da shanun ga za su tahi. Ɗan ƙanwata yaƙ ƙera ta, ba a yi mishi dariya ina raye." Sannan ya leƙo ta taga ya ce, "Ɗana, kai ka yarda da ita ko?" Jama'a duk ido a kaina. Na ce na yarda da ita Kawu. Wannan amsar ce take cin raina har yau, ta fi jan da shanu suka yi min ciwo.

Kada ku fahimce ni ba daidai ba, motar ba ta banza ba ce. A birni, ga wanda yake da wuta ko sola mai ƙarfi, tana da daɗi, ba hayaƙi, ba layin gidan mai. Amma a unguwar su Kawu wuta sai an yi sa'a, babu makanike ɗaya da ya taɓa buɗe irinta, hanya kuma ga yashi ga ramuka. Abin da ya fi wannan, kamfanin namu kansa da ƙafa ɗaya yake tsaye. Batir daga waje ake kawo shi, kullum tsada yake ƙarawa, masu sha'awa da yawa amma masu saye kaɗan, mutum ya zo ya shafa ya ɗauki hoto, gobe ka gan shi a cikin tokumbo, tsohuwar motar da aka shigo da ita daga waje. A ofis kowa ya san idan masu zuba jari ba su shigo ba rufewa za a yi. In aka rufe, ko ƙaramin abu ya lalace a motar ba inda Kawu zai samo shi. Ni da nake tallarta, da kuɗina ba zan saya in kai Kebbe ba.

Da na koma na ba oga labari, na ɗauka faɗa zai yi, sai na ga yana murna. Wai irin labarin da masu jari suke son ji ke nan, manomi daga karkara ya bar shanu ya koma lantarki. Har ya ce za a je da kyamara ranar miƙa mukulli. Na gwada nuna masa motar ba ta dace da can ba, ya ce min aikina sayarwa ne ba hanawa ba, kuma in tuna ba ni kaɗai nake ci daga kamfanin ba. Ban ce mugu ne ba, shi ma jirgin yake ƙoƙarin hana nutsewa.

Na kira Kawu ina kewaye-kewaye, na ce ko zai jira a fito da sabon samfuri. Ya ce shi ya riga ya rantse a gaban mutane. Na ce akwai kaffara, sai ya yi fushi, ya ce ba don mota yake yi ba, shi ko tuƙi bai iya ba, don kada a ce nasa ya yi abu ya rasa mai saye a gida ne. Wato babu wani aibin motar da zan faɗa masa wanda bai gani da idonsa ba. Abu ɗaya ne kawai zai tsayar da shi, in buɗe baki in ce Kawu ba ni na ƙera ta ba, kuma da na ce na yarda da ita ƙarya na yi. Daga nan shi zai koma majalisar nan ya haɗiye rantsuwarsa a gaban wanda ya ce harawa take ci, ni kuma wataƙila in rasa aikina. Wallahi duk sanda na ɗauki waya sai in sake ajiye ta.

Ga damina ta ƙarato, an ce dillalai sun fara zuwa ganin shanun, har Kawu ya sayo itacen da zai kafa wa motar rumfa a daidai inda turakunsu suke. To jama'a ya zan yi? In je Kebbe in faɗa masa ido da ido, ko in samu liman ya shiga maganar? Ko akwai hanyar da shanun za su tsira ba tare da na zubar wa Kawu da mutunci ba? Ku faɗa min gaskiya ko da zagi ne, na cancanta. Jiya mahaifiyata ta kira ni, ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Wancan karon shanun yayana sunka jawo ka gida. In an sai da su tas sake mutuwa bisa hanya, mi za ya jawo ta?"