Tsibbu na ce a gaban dattawa

Juma'a, bayan isha'i, Sharafiyya.

Yau aka yi taro a unguwar Mahjar kan majalisar da za ta riƙa kula da al'amuranmu, mu Hausawan Jidda. Dattawa sun ce sai mai Hausa a baki zai samu kujera. Yaya Faisal yana son kujerar matasa, amma Larabci ya cinye masa harshe. Shi ya sa ni in yi magana a madadin matasa irinsa, wai ni ce mai karanta littattafan soyayya, Hausata ta fi nuna.

Tun jiya na shirya maganata, har ta burge ni: mu kamar 'yan tsibiri ne, teku ta raba mu da ƙasar kakanni, amma tsibirin ma gida ne. Na miƙe a ɓangaren mata, kawai na ji bakina ya ce, "Mu 'yan tsibbu ne."

Wallahi kowa ya tuntsire da dariya. Kawu Sale ya ce, "To, bokaye za mu ba kujera? Halas, magana ta ƙare, kun ji da kunnenku."

Kaka kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Alhaji, tsibiri take nufi. Mu muka haife su a kansa, ba su suka zaɓa ba." Duk da haka, da aka ɗaga hannu, maganar dattawa ce ta yi rinjaye.

A mota Yaya ya ce, "Ma'alesh, ba komai, ya Amira," idonsa yana kan titi. Da ma faɗa ya yi mini, da ya fi mini sauƙi.