Tuwon da Ya Ɓata Jarrabawa

12 ga Oktoba, 2011

Yaya Uwani,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna?

Ni lafiya lau, sai dai har yanzu mamaki bai sake ni ba. Kin san masaukin 'yan sikawut da nake kula da shi a kan dutse. Ranar Asabar yara mata ashirin suka kafa tantuna a fili. Da la'asar ruwa ya kece, suna ta kakkarwa, ga ɗakuna babu kowa. Shugabarsu ta sauka neman icen hura wuta. Sai na kwashe su ciki, na tuƙa musu tuwon shinkafa da miyar kuka.

Da ta dawo ta ce, "Samiha, jarrabawarsu kika ɓata. Sai sun yi kwana biyu a waje suna dafa abincinsu za a ba su lambar yabo. Shekara guda suna shiri."

Na ce, "A garinmu, wanda ya bar baƙo cikin ruwa ba ya ƙara shiga mutane."

Wannan ma ta rubuta shi a takardar ƙarar da ta kai wa masu masaukin a kaina.

Yaya, digirina biyu, amma ban taɓa jin iyaye sun turo 'ya'yansu takanas don su jiƙe ba.

Masu masaukin sun ce in je gida, za a neme ni. Ki gaya wa Inna hutu nake yi, ta sa ni a addu'a. In kin sami mai zuwa, a aiko min da kuka, yaran sun cinye tawa har da neman ƙari.

Ga mai tasi yana jira ya kai ni gida, garin Silver Spring. Na ajiye musu makullinsu a kan tebur, bari in ja ƙofar.

Ƙanwarki,
Samiha