Agogon hannu ya hana ni shiga tabki

Malama Zahara'u, don girman Allah ki taimake ni da shawara, dabara ta ƙare mini. Masunci ne ni a Madarumfa, a bakin tabki aka haife ni, amma yau idan na hango jirgi sai in ja da baya.

Abin ya faro ne bara da damina. Ina tsakiyar ruwa da abokin aikina Yahaya, wanda muke tarayyar jirgi da shi, sai iska ta taso ta kifar da mu. Ba yau na fara kifewa ba, kuma mun fito lafiya. Amma bayan 'yan kwanaki, ina zaune ina ɗinkin koma, sai ƙirjina ya kama dukan uku-uku, hannuna ya yi sanyi, na yi kalmar shahada. Aka kai ni asibiti a Maraɗi, aka auna tansiyo, wato hawan jini, aka duba zuciya, aka ce ƙalau nake, firgita ce.

Da ƙanena Mansur ya ji, shi da yake sayar da wayoyi a Katsina, sai ya aiko mini da agogon da ke ƙirga bugun zuciya. Idan bugun ya hau sai ya yi ja, ya girgiza mini hannu. Da fari na ji daɗi, na ce na samu mai gadi. To Malama, mai gadin nan shi ya ɗaure ni. Da na kama filafili na fara tuƙi sai ya girgiza, in duba in ga lamba ta haye, in tsorata, ta ƙara hayewa, sai in roƙi Yahaya ya mayar da ni gaɓa. Na daina fita. Na sayi wata na'urar tausa a Ɗan Issa, tana ta gurnani a kafaɗata, ba ta tsinana mini komai ba. Ranar da batir ɗin agogon ya mutu, ko ƙofar gida na kasa leƙawa.

Abin kunya ma, har a salla ina satar kallonsa. Lokaci guda nake cire shi, wajen alwala. Ruwan buta na taɓa mini hannu sai in ji ƙirjina ya saki. Amma nan take sai in tuna ba abin da ke lura da zuciyata, sai in yi sauri in gama in mayar da shi.

Matata Barira ta ce tana zaune da agogo ne, ba da miji ba. Yahaya ya yi haƙuri har ya gaji. Ya ce idan ruwa ya ja, aka shiga su, wato kamun kifi, gadan-gadan ban dawo ba, zai nemi wani ya hau gurbina. Ban san wata sana'a ba. In na cire agogon ina tsoron in faɗi a ruwa ba wanda ya sani, in na bar shi ba zan shiga ruwan ba. Ina zan sa kaina?

Masuncin da ya maƙale a gaɓa

Ɗan'uwa, sannu. Wanda bai taɓa jin irin wannan faɗuwar gaban ba zai ce raki ne, ni kuwa ba zan ce ba. Jikinka ya ga mutuwa a ruwa, kuma har yau ba a sanar da shi cewa an tsira ba.

Mansur bai yi laifi ba, ƙauna ce ta sa shi, kuma irin wannan agogo yana da amfani ga wanda likita ya ce ya sa ido a kan zuciyarsa. Kai likita ya sallame ka. Agogon ƙirga kawai ya iya, bai san jirgi kake tuƙawa ba. Wane masunci ne zai ja filafili zuciyarsa ba ta yi sauri ba? Ɗaura wa Yahaya shi ya tuƙa, za ka ga ya yi ja kamar gauta, shi kuwa yana ta zuba surutunsa.

Maganar da ta fi tsaya mini a wasiƙarka ita ce ta alwala, kai kuma ka wuce ta da gudu. Ka ce ruwa na taɓa ka ƙirjinka ke saki. Wa ya gaya maka ya saki, alhali agogon yana ajiye a kan tabarma? Jikinka ne ya gaya maka, kuma ka ji shi sarai. Daga nan za ka fara. Yi alwalarka a natse, ka ji sanyin ruwan a gwiwar hannu da fuska. Idan ka gama, kada ka mayar da agogon sai ka idar da salla. Bayan kwana biyu ka miƙa wa Barira shi ta ajiye da safe, ka karɓa da azahar, har ka wayi gari ka manta ba ka tambaye ta ba.

Idan faɗuwar gaban ta zo, za ta kuwa zo, kada ka yi kokawa da ita. Dafa cikinka, ja numfashi ta hanci, ka sake shi a hankali kamar mai hura koko, fitarsa ta fi shigarsa tsawo. Saki muƙamuƙi da kafaɗu, ka lura da inda ƙafarka ta taka. Firgitar tashi take yi ta kai ƙarshenta ta sauka da kanta. Amma idan ka ji ciwo ya danne ƙirji ya gangara hannu, ko ka suma, asibiti za ka nufa ba jira. Idan kuma firgitar ta ƙi sassauci, koma ka gaya wa likita, akwai taimakon da suke bayarwa.

Yahaya ma yana da bakunan da yake ciyarwa, kada ka ga baƙinsa. Je ka same shi tun ruwa bai ja ba, ka gaya masa gaskiyar abin da ke damunka. Fara da zama a cikin jirgi yana ɗaure, daga baya ku zagaya kusa da gaɓa, gorar iyo tana gefenka. Ka ce kana tsoron faɗuwa ba wanda ya sani. Ranar da kuka kife ba agogo a hannunka, Yahaya ne a kusa da kai, kuma har yanzu shi ne yake riƙe maka gurbinka.

Allah ya kwantar maka da hankali, ya mayar da kai ruwa lafiya, ya cika muku koma. A gaida Barira da haƙuri.

Malama Zahara'u