Gayyar Hanyar Milan

Milan, Agusta 2024

Zuwa ga Rashida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Inna da 'yar tawa. Ya damina? Allah ya sa gero ya yi kai a Maijirgi.

Shekara shida ke nan rabona da gida, har Ilham ta yi wayo ba ta san ni ba sai ta waya. To, shef ɗin shantiyenmu, wato shugaban wurin aikinmu, ya ce in Satumba ta wuce lafiya zai ba ni takardar aiki. Da ita ake samun takardar zama, da ita kuma zan iya zuwa in gan ku in komo. Kada ki gaya wa kowa tukuna.

Kin tambayi hanyar da muke zuba wa kwalta. Tsohuwa ce, bana take cika shekara ɗari. Ta tashi daga Milan ta nufi wajen tafkuna, kuma suna alfahari wai ita ce ta farko da aka yi wa mota ita kaɗai. Akwai wani dattijo Jino da muke aiki tare, kakansa na cikin waɗanda suka gina ta. Ya ce manoma ne dubbai aka kwaso daga ƙauyuka, da shebur da baro da amalanken doki, aka tsaga gonaki, aka zuba siminti, shekara ɗaya da 'yan watanni aka gama. Sarkinsu na lokacin ya zo a mota ya buɗe. Daga ranar aka sa ƙofa, aka hana amalanke, aka hana mai tafiya a ƙasa, mai mota ma sai ya biya. Kakan Jino har ya mutu bai taɓa bin ta ba. Na ji ƙyamar abin, Rashida. Gaskiya aikin ya yi ƙarko, ba zan ƙi faɗa ba. Amma ko hanyar kasuwar Kanan-Bakashe, duk raminta, ba ta taɓa korar jakin kowa ba.

Kamfaninmu zai yi nasa bikin cikar hanyar shekara ɗari. Tunda na ce na san amalanke, ni aka ba wa dokin da za a yi wasan kwaikwayon ginin hanyar da shi.

Ki gaida Inna da kyau.

Naki,
Alkasim

Milan, Oktoba 2024

Zuwa ga Rashida,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Ya ƙafar tata? Ya gajiyar girbi?

Ba zan zo ba. Gara ki ji tun a layin farko.

Ranar bikin tun da safe muka kafa rumfa, muka jera kujeru, muka share fili. Na jawo doki da amalanke har gaban masu hoto, sai aka karɓi linzami aka miƙa wa wani saurayi da aka sa wa tufafin mutanen da, aka shafa masa ƙasa a fuska. Hannunsa kamar na jariri. Aka ce in matsa, don a wancan zamanin babu baƙin mutum a wurin. Wannan gaskiya ce, ban ji haushi ba. Amma Jino ma, jikan mai shebur, bayan mota aka tsai da shi don rigarsa ta yi dauɗa.

Aka yi jawabi kan injiniya, aka yi kan sarki, aka yi kan motar sarki. Masu shebur ba a ambace su ba.

Sai aka buɗe abinci a kan dogon tebur. Rashida, kin san gayya. Wanda ya yi gumi shi ke fara sa hannu, mai gona yana tsaye yana sannu. Wallahi ban yi tunanin komai ba. Na ga aiki ya ƙare, na wanke hannu, na yafito Lamine ɗan Senegal da sauran, na ce bisimilla, na ɗauki burodi da kifi. Wata mata ta janye jakarta. Ashe namu yana cikin leda a bayan kamiyo, babbar motar kayanmu, ba wanda ya gaya mana. Shef ya zo yana murmushi don manyan baƙi, ya kama gwiwar hannuna ya fitar da ni kamar akuyar da ta shiga rumbu. Jino kaɗai ya tako, ya ɗauki burodi, ya tsaya kusa da ni ya cinye shi a hankali. Allah ya saka masa.

Ƙarshen wata shef ya ce ba zai iya sa hannu a takardar aikin wanda ya kunyata shi ba. Bai zage ni ba, bai rage mini ko sisi ba. Kuskuren nawa ne, gidan wasu na shiga da al'adarmu.

Na bar aikin hanya, yanzu ina sauke kaya a kasuwar kayan miya, ina neman wani shef ɗin. In na fita ƙasar nan ba takarda, na fita ke nan, ba komowa, shi ya sa na zauna. Ki gaya wa Ilham da kanki bana ma ba zan zo ba, ni ba zan iya ba.

Ki yafe mini, ki roƙar mini Inna addu'a. Abin da na tara don in zo muku da shi: sefa jika ɗari huɗu da sittin, bargon Inna, turmin zanenki biyu, da takalmin Ilham da na auna da zaren da kika aiko bara. Ki sake aunawa, kafin in zo ƙafarta ta wuce shi.

Mijinki,
Alkasim